Filin Tambayoyinku: Dogon gilashina ba ya kama hoto bayan magariba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da kyamarar Canon EOS 2000D da gilashin zuƙowa na 55-250mm f/4-5.6. Da rana lafiya lau. Amma da an yi magariba, ko an shiga ɗakin taro, sai gilashin ya yi ta kai-komo, hoton ya fito ya sake komawa dishi-dishi, wani lokacin ma maɓallin ya ƙi ɗauka. Lalacewa ya yi ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tunda da rana yana kamawa, gilashinka lafiyarsa ƙalau. Haske ne ya yi masa kaɗan.

Kyamara irin taka tana saita fokas ne ta hanyar neman iyaka, wato wurin da haske ya haɗu da duhu. In ba ta ga iyaka ba, sai ta yi ta tura gilashi gaba da baya tana lalube. Lambobin nan f/4-5.6 su ne tushen matsalar: a 55mm ƙofar haske tana buɗewa zuwa f/4, amma da ka zuƙo zuwa 250mm sai ta tsuke zuwa f/5.6, hasken ya ragu da rabi. In aka gwada da gilashi mai f/2.8, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ke shiga. Ƙara ISO kuwa, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, ba ya taimakon fokas idan ta ramin ido kake leƙawa, domin na'urar fokas daban take, a ƙasan madubin da ke cikin kyamara, abin da gilashi ya shigo da shi kawai take gani.

Fara da cire kyamarar daga zaɓin kanta. Ɗigon fokas 9 ne a 2000D, na tsakiya ne kaɗai ke gane layin tsaye da na kwance duka. Zaɓi shi, ka sa One-Shot, wato tsarin da fokas ke kamawa sau ɗaya ya tsaya. A wannan tsarin ne maɓallin ke ƙin ɗauka sai fokas ya zauna, saboda haka ƙin da yake yi ba cuta ba ce. Sannan ka kula da inda kake ɗora ɗigon. Farar shadda ko kumatun amarya ba su da iyakar da za a kama. Nemi bakin hula a kan goshi, ko gira da ido, ko aikin zaren wuyan riga. Danna maɓallin rabi, ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton, ka ƙarasa. Kada ka murɗa zuƙowa bayan fokas ya zauna, zai goce.

Wata dabara da ake rainawa: rage zuƙowa. Koma wajen 100mm, ka duba allo za ka ga ƙofar ta ƙara buɗewa. Kyamararka megafiksel 24 ce, kana da sararin yanke hoton daga baya.

Idan ka ɗaga filashin jikinta, yana ɗan walƙiya don taimaka wa fokas, sai dai bai wuce kamar mita 4 ba, wanda ke kan dandamali can nesa ba zai amfana ba. A nan tocila ta fi. Yaronka ya haska kujerar ango da amarya, ka kama fokas, ka tura makunnin gefen gilashi daga AF (fokas da kansa) zuwa MF (fokas da hannu), a kashe tocilar. Muddin ba su tashi ba kai ma ba ka matsa ba, saitin yana nan. In kuma da hannu za ka saita, kunna allon baya, ka girmama hoton ninki 5 ko 10, ka murɗa zoben fokas na jikin gilashi a hankali. Idan gilashinka nau'in da aka rubuta STM a jikinsa ne, zoben ba ya aiki sai kyamara tana farke.

Lokacin hunturu a kula: hazo yana goge iyakokin abin da ke nesa, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi. Hura ta da robar hurawa, ka cire duk wani gilashin kariya mai araha da aka ɗaura a gaba.

Ba kowane dishi-dishi ne laifin fokas ba. Girmama hoton ka duba. In wani abu a baya ya fito fes, fokas ne ya goce. In babu abin da ya fito, rawar hannu ce. A 250mm kyamararka tana gani kamar 400mm a kyamara mai babbar na'urar ɗaukar hoto, don haka kana buƙatar saurin ɗauka na 1/400 idan IS, wato na'urar hana rawar hoto da ke cikin gilashi, a kashe yake. IS yana rage rawar hannunka ne kawai, ba ya tsayar da masu rawa a fili. Su kam kada ka sauka ƙasa da 1/250, ko da ISO zai kai 3200.

Tambaya: In sayi abin ninka zuƙowa na 2x don aikin dare? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malama. Yana cinye kashi uku cikin huɗu na haske, f/5.6 ya koma f/11, inda fokas ɗin ƙananan kyamarori masu madubi ke daina aiki. Ki tara kuɗin ki sayi gilashin 85mm f/1.8, wanda ke shigo da haske kusan ninki 10 na f/5.6.