Zan ɗebi adashi: in sayi babban obin ko in gyara kicin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano. Tun bara nake gwada yin cincin, donat da kek a gida, kek ɗin da tukunya da yashi nake gasa shi. Maƙwabta da dangi suna saye, da sallah kuwa har aiki ya fi ƙarfina. Sai dai in na zauna na duba, ba na ganin kuɗin. Wata mai kamawa zan ɗebi adashi, naira dubu 400. Ina so in sayi babban obin na gas, abin da ya ragu in sa kafinta ya buga mini kantoci a kicin, in jera robobi masu kyau irin na Instagram. Ko hakan dabara ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sana'a. Ni dai inda kika ce ba kya ganin kuɗin, nan na tsaya. Obin aikinsa ya ƙara yawan abin da kike fitarwa. In kowane kwaɓi yana cin uwar kuɗi ba ki sani ba, babban obin sai dai ya ƙara wa asarar sauri. Don haka a fara gano inda kuɗin suke zurarewa.

Abu na farko da za ki saya ƙaramin sikeli ne na kicin, da littafin rubutu. Awo da gwangwani yana yaudara: fulawar da aka danna da wadda aka ɗebo sakwa-sakwa duk gwangwani ɗaya ne a ido, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Ki auna kwaɓi guda, ki rubuta duk abin da ya ci: fulawa, sukari, bota, madara, ƙwai (ki raba kuɗin kiret gida 30, kin san farashin kowane ɗaya), man da suya ta shanye, gawayi ko gas, leda da roba, kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwar Singa da dawowa, da ɗan abin da kike ba yarinyar da ke taya ki yanka cincin. Sannan ki yanka wa kanki lada. Mata da yawa nan suke tsallakewa, su yini a tsaye gaban wuta, su kira abin da ya rage riba, alhali ladan gumin su ne bai ma cika ba.

Kuma lissafin ba na sau ɗaya ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tayar da farashinta, sai kuma cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023 suka ƙara wa abin zafi. Duk ranar da kika sayo sabon buhu, ki sake lissafi. Ki yanka farashi bisa abin da za ki biya in kin koma kasuwa, kada ki bi farashin da kika saya wancan karon, in ba haka ba za ki sayar da kaya tas, kuɗin su kasa mayar da buhun.

Yanzu batun kicin. Tunaninki na gyara wurin daidai ne, har ma na fi son sa a kan obin, amma ba irin gyaran da kike hange ba. Buhun fulawa kilo 50 ne. A ce kwaɓinki yana cin kilo 2, ke nan buhu zai ba ki kwaɓi 25. In ya ƙare a na 19, ina sauran shidan? Suna cikin fanken da aka yi wa yara da safe, da wainar fulawar ranar Asabar, da ɗan kwanon da maƙwabciya ta aiko a sam mata. Sukari kuwa ba a magana, mai shayin gida ba ya tambayar na waye. Babu wanda ya yi sata, amma jari yana tafiya kamar ruwa a tulu mai yoyo. Maganinsa kabad ɗaya mai makulli, ko kusurwa guda a sito, da za a san kayan sana'a ne. In gida ya buƙaci fulawa, a auna a biya, ko da maigida ne zai biya. Da farko za a yi miki dariya, bayan wata guda a saba.

Ba sai kin sayi kwalabe masu sheƙi ba. Manyan bokitan bota da aka wanke suka bushe sarai, masu murfi mai kamawa, sun wadatar. Ki manna takarda a jikin kowanne, ki rubuta abin da ke ciki da ranar da ya shigo, tsohon kaya shi ake fara taɓawa. Buhu a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, musamman da damina, don fulawa tana jan danshi ta dunƙule, ƙwari su samu gida. Ki nisanta ta da sabulu, omo da kananzir, tana ɗaukar wari, mai saye kuma da cizon farko zai ji. Kantocin kafinta su jira riba.

Obin kuwa, ki duba kayanki uku. Cincin da donat suya ce, ba ruwansu da obin. Kek ne kaɗai ke buƙatarsa. Littafinki ne zai faɗa miki wanne ya fi kawo kuɗi, kuma ba zan yi mamaki ba in cincin ne: yana yin makonni a rufe bai lalace ba, yana shiga kayan gara tare da dubulan da alkaki, ga sallah, ga 'yan makarantar kwana. Kek mai kirim a zafin Kano na Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas, yini ɗaya ya ishe shi lalacewa. In kek ɗin ya nuna yana da riba, ki sayi matsakaicin obin na gas, ko da irin wanda masu walda ke ƙerawa ne. Irinsu wani gefe ya kan fi wani zafi, don haka ki haɗa da ma'aunin zafi na cikin obin, tunda yawancin kek tsakanin digiri 170 zuwa 180 na ma'aunin Celsius ake gasa shi, ki riƙa juya farantin a tsakiyar gashi. Tukunyar gas a ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa shafa wa tiyo ruwan sabulu; in ya yi kumfa, yana yoyo.

Sai bashi. Dangi da maƙwabta su ne kasuwar farko, su ne kuma masu "zan turo anjima". Duk aikin biki ko suna, ki karɓi kafin alƙalami da zai ishi sayen kayan haɗi kafin ki kunna wuta, cikon kuma ranar ɗauka. Ki buɗe asusu daban, ko na OPay ko Moniepoint, wanda kuɗin cefane ba ya shiga ba ya fita. Ranar da kika fara tunanin kai cincin shaguna da sunanki a jikin leda, akwai rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma jami'an NAFDAC kan duba wurin da ake sarrafa abincin, to tsaftar da kika fara yanzu za ta yi miki rana. Amma wannan na gaba ne.

Da ni ne ke, kashi mafi tsoka na adashin zai tafi wajen sarin fulawa, sukari da mai gwargwadon abin da zan iya juyawa cikin wata ɗaya ko biyu, musamman in azumi ya gabato, lokacin da sukari da mai suka saba tashi. Kaɗan ya tafi ga sikeli, bokitai da makulli. Sauran ya kwanta a asusun sana'a har littafin ya cika wata biyu. In kin kai nan, ki aiko mini da lissafin kwaɓi ɗaya na kek da ɗaya na cincin, mu duba girman obin da ya dace da ke.