Tambaya da Amsa: Wane irin dandamali ya dace da ƙananan sojojin wasan yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ingila, kuma abokan karatuna sun koya mini wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake yi da ƙananan mutum-mutumin sojoji, da rula, da dayis. Na sayi dakarun ƙasa da mahaya dawaki, na harhaɗa su, amma ban manna su a kan ɗan dandamalin da suke tsayawa a kai ba, domin wasu sun ce in sa mai siffar da'ira, wasu kuma sun ce mai kusurwa huɗu. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi dabara da ka dakata kafin ka taɓa gam, domin dandamali ba ado ba ne kawai. Shi ne ainihin filin da soja ya mallaka a kan tebur, kuma daga bakinsa ake auna tafiya da nisan harbi da haɗuwa da abokan gaba. Saboda haka abin da za ka fara tantancewa shi ne wasan da za ka buga, da kuma ko dokokinsa sun damu da inda soja ya fuskanta.

Idan wasan na sahu-sahu ne, inda rundunar take tafiya a dunƙule, tana da gaba da baya da gefuna biyu, to mai kusurwa huɗu ne naka. Dalilin a bayyane yake: gefe yana haɗuwa da gefe ba tare da giɓi ba, kuma daga kusurwoyin ne ake gane ko harin da aka kawo ya faɗo ta gaba ne ko ta gefe, wanda a irin waɗannan wasanni shi ne sau da yawa yake raba nasara da faɗuwa. Haka Warhammer Fantasy na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fara fitowa a 1983, ya shahara: dandamali mai milimita 20 ga ɗan Adam, mai 25 ga manya irin su dodannin da ake kira Orc, sannan mai faɗi 25 da tsawo 50 ga doki. Da kamfanin ya dawo da wannan salo a 2024 da sunan The Old World, sai ya faɗaɗa awon zuwa milimita 25 ga ɗan Adam, 30 ga Orc, dawaki kuma faɗi 30 da tsawo 60, abin da ya sauƙaƙa jera sojojin da takubbansu da garkuwoyinsu suke cin karo da na maƙwabta.

Idan kuwa kowane soja yana tafiya shi kaɗai, yana laɓewa bayan bango, yana iya harbi ta kowace fuska, to da'ira ta fi, domin juya ta ba ya ƙara wa soja ko rage masa tazara. Warhammer 40,000, wanda ya fito a 1987, da Bolt Action na Yaƙin Duniya na Biyu duk a kan da'ira suke, dawaki da babura kuma akan ba su mai siffar ƙwai saboda tsawon jikinsu. Mai kusurwa shida ba zai dame ka ba sai idan za ka buga wasa irin BattleTech, wanda taswirarsa kanta gida-gida ce masu kusurwa shida.

Akwai hanya ta uku da nake ganin sababbin shiga ba su cika kula da ita ba, wato a manna sojoji da yawa a kan dandamali guda. A dokokin DBA (De Bellis Antiquitatis, wasan yaƙe-yaƙen zamanin da), waɗanda suka fito a 1990, runduna ƙungiya goma sha biyu ce, kowace ƙungiya faɗin gabanta milimita 40 ga sojoji masu tsayin milimita 15. A bugu na uku na Kings of War kuma, abin da ake dubawa shi ne girman filin ƙungiyar baki ɗaya, misali milimita 100 da 80 ga ƙungiyar dakarun ƙasa ashirin. Wannan yana saurin tafiyar da wasa, yana kuma ba mai fenti damar ƙawata ƙasa da duwatsu da ciyawa, sai dai sojan da aka manna haka ya zauna ke nan, ba zai yi maka aiki a wasan ɗaiɗaiku ba.

Shawarata, tunda ba ka ambaci wasa ɗaya da ka tsaya a kai ba, ita ce ka sa dakarun ƙasa a kan da'ira mai milimita 25, ka nemi faranti mai kusurwa huɗu wanda aka huda masa ramuka daidai girmansu. Ranar wasan sahu ka jera su a ciki, ranar wasan ɗaiɗaiku ka fito da su. Ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin kowane dandamali, tare da shimfiɗar ƙarfe a farantin, zai hana su zubewa. Iyakar wannan dabara ita ce da'ira tana shiga gurbin murabba'i mai awonta ko wanda ya fi ta, amma ba ta shiga ƙarami, don haka ba za ta yi ba a inda ake buƙatar milimita 20.

Ka kuma lura cewa girma yana da tasiri kamar siffa. Babban dandamali yana rage yawan sojojin da za su iya kaiwa ga abokin gaba a lokaci guda, ƙarami kuma yana ƙara su, shi ya sa masu shirya gasa suke tsananta awo fiye da abokai masu wasa a gida. Kafin ka manna mahayan dawakinka, ka tambayi abokan naka awon da suke amfani da shi, ka gwada da doki ɗaya, ka ga ko jelarsa da kansa za su bar na gaba da na baya su tsaya a sahu.