Sukuk ɗina ya faɗi, in sayar in shiga hatsi?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, Gombe. A 2020, lokacin korona da kasuwa ta tsaya, ɗan wana da ke aikin banki ya sa na zuba naira miliyan 10 a Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar jari mai biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa, ya ce kuɗina na nan daram. Yanzu ina son in cire in sayi wake in ajiye, farashi zai ninka, amma an ce miliyan 8 da dubu 600 kawai za a ba ni. Ba cuta ba ce wannan?

Amsa: Alhaji, ba a cuce ka ba. Kai ne ka ɗauki jarin juyawa ka kulle shi shekara bakwai a kan maganar ɗanka, ba ka tambayi abu guda da ya kamata ba: in na bukaci kuɗina kafin wa'adi, nawa zan samu? Nan kuskuren yake. Alkawarin gwamnati biyu ne: kuɗin haya duk wata shida, da uwar kuɗinka cif ranar da wa'adi ya cika, wato Yunin 2027. Ba ta yi alkawarin farashin kowace rana a tsakani ba. Ɗanka ya faɗa maka rabin magana, kai kuma kunya ta hana ka tona sauran.

Ga yadda farashin ya faɗi. Sukuk ɗin 2020 kashi 11.20 cikin ɗari yake biya a shekara, a kan kuɗinka miliyan 1 da dubu 120 ke nan. Da tattalin arziki ya fara farfaɗowa sai kaya suka hau tsada, aka zo aka cire tallafin mai a 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024. Babban Bankin Najeriya ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, daga 11.5 har 27.5. Sukuk ɗin da aka fitar a Mayun 2025 kashi 19.75 yake biya. To wa zai sayi naka mai 11.20 a cikakken kuɗi alhali ga sabo mai 19.75? Sai dai ka rage masa. Gibin kusan kashi 8 da rabi ne a shekara, daga tsakiyar 2025 saura kamar shekara biyu wa'adi ya cika, shi ya kai ka wajen miliyan 8.6. Kamar shago ne da ka ba da haya ta dogon lokaci a tsohon farashi: mai saye zai cire bambancin daga kuɗin shagon.

Babbar asarar ma ba wannan ba ce, ta riga ta auku shiru. Lissafa buhun wake nawa miliyan 10 ke saya a 2020, da nawa take saya yau.

Maganar wake zai ninka kuwa, ka ajiye ta. Waɗanda suka ɓoye masara a kakar 2024 da wannan lissafin, da yawansu sun fitar da ita ƙasa da yadda suka saya. In ka riƙe takardarka, za ka karɓi hayar kusan miliyan 2 da dubu 240 da miliyan 10 ɗinka. In ka sayar, dole miliyan 8.6 ta kawo maka sama da kashi 20 cikin ɗari a shekara, bayan ka cire hayar sito, buhuna, maganin ƙwari, dako, kuɗin mota da ramar awo, kafin ma a ce kun yi kunnen doki. Littafinka na shekara uku da suka wuce ya taɓa nuna haka? In ya nuna, sayar da kashi ɗaya cikin uku kawai, ka bar sauran.

Kafin komai, ka nemi takardar asusun CSCS, wato kamfanin da ke ajiye bayanan masu takardun jari, ka ga da idonka sunanka ne a kai, ba na ɗanka ba, kuma a asusunka hayar take shiga. Sannan ka nemi farashi a rubuce daga dillalan hannun jari biyu masu rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, kowanne ya nuna maka ladansa da hayar da ta taru tun biyan ƙarshe, domin wannan haƙƙinka ce, mai saye ne zai ɗora maka ita a kan farashi.