Mai juna biyu da ke kurɓar giya don ta samu barci

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na yi shekara uku ina shan giya a ɓoye, mijina bai sani ba. Yanzu ina da ciki wata huɗu. Na rage sosai, sai ɗan kaɗan da dare, domin in ban sha ba barci ba ya zuwa, hannuna ya yi ta rawa, zufa ta yi ta karyo mini. Wata ƙawata ta ce malamai sun halatta magani da haram idan akwai lalura. Shin ina cikin wannan rangwame? Kuma in ɗan ya riga ya nakasa, zan iya zubar da cikin?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya saka miki da alheri da kika faɗi gaskiya. Haramcin giya kin san shi, ba sai na karanto miki ayoyi ba. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne rawar hannun nan da zufa. Wannan ba ciwo ne da giya ke warkarwa ba, giyar ce ta haife shi, jiki ya saba, yana neman a ƙara masa.

Maganar ƙawarki tana da asali. Wasu malaman Hanafiyya na baya sun yi sauƙi a kan magani da haram, amma da sharaɗi biyu: a tabbatar akwai waraka a ciki, kuma a rasa wani abu na halal da zai maye gurbinsa. Ko ɗaya bai cika a kanki ba. Wane likita ne ya rubuta miki? Ƙawa ce ta faɗa. Kuma asibiti na da magungunan da ake ba wanda yake barin giya. Ballantana jumhurun malamai ba su yarda a yi magani da tsantsar giya ba tun farko, saboda hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid a Sahihu Muslim, da ya ce shi don magani yake haɗa ta, Annabi (SAW) ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce. Masu kawo misalin wanda loma ta shaƙe, babu ruwa kusa sai giya, sun manta cewa can kurɓa ɗaya ce, tsirar ta tabbata, an gama. Taki kuwa ta yau ita ke kiran ta gobe.

Sannan ko da an ba ki rangwamen, da wane haƙƙi za ki raba shi da wanda ke cikinki? Abin da kika sha yana ratsa mabiyiya ya shiga jininsa, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta tace shi ba. Tun 1968 likita Paul Lemoine a Faransa ya siffanta 'ya'yan mata masu shaye-shaye, a 1973 kuma Jones da Smith a Amurka suka sa wa matsalar suna. Alamominta su ne ƙaramin kai, siririn leɓen sama, rashin girma, sai yaro ya isa makaranta a ga abin da aka koya masa jiya ya ɓace yau, a yi ta dukansa ana cewa taurin kai ne. Likitoci ba su san wani ɗan adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Ba a kawar da cuta da wata cutar, balle a ɗora ta kan wanda ba shi da bakin ƙi.

Zubar da ciki kuwa, a'a. Bayan kwana 120 haramun ne da ittifaƙi, Malikiyya ma tun farko suka hana, kuma zato kawai kike yi. Ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa har ranar haihuwa, duk ranar da kika bari ya ci riba.

Amma ki kula da wannan. Mai alamomi irin naki kada ta yanke lokaci guda ita kaɗai a ɗaki, domin yana iya jawo jijjiga, ke da cikin ku shiga haɗari. Gobe da safe, ba mako mai zuwa ba, ki je wajen awo ki gaya wa likita adadin da kike sha ba ragi. Faɗa wa likita ba tonon asirin kai ba ne. Mijinki kuma, ba wajibi ba ne ki buɗe masa zunubin da Allah ya rufa, sai dai ina ganin nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In kin san shi mai haƙuri ne ki jawo shi, in ba haka ba ki nemi 'yar'uwa mai riƙon amana ta riƙa raka ki. Ƙawar nan ki yi nesa da ita.

Wallahu a'alam.