Na ja katin tarot kan maganar koyon ɗinki bayan ritaya, meye hukuncinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 54, na yi ritaya daga koyarwa, ina so in koyi ɗinki amma kunya ta hana ni zama cikin yara sa'o'in jikokina. 'Yata ta nuna min wata manhaja a waya ta katin tarot, na taɓa ɗaya sai ya fito da hoton wani mai sana'a zaune kan benci yana aiki, aka rubuta wai lokacin koyon sabon abu ya yi. Wallahi ban ɗauka ya san gaibu ba, tunani kawai ya sa ni. Na yi laifi? Kuma in fasa koyon tunda ta nan na samu ƙarfin gwiwa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri da kika tambaya.

Jan katin nan haramun ne, ko a hannun mutum ko a waya. Shi tarot kati 78 ne, asalinsa karta ce ta wasa a arewacin Italiya tun wajen shekarun 1440, sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu a Faransa suka mai da shi abin duba. To kin ga ko masu shi ba don duba suka ƙirƙiro shi ba. Aikinsa kuwa shi ne aikin azlam sak, kiban nan da Larabawan jahiliyya ke zubawa a jaka, ɗaya an rubuta "yi", ɗaya "kar ka yi", ɗaya babu rubutu, mutum zai yi tafiya ko aure sai ya sa hannu ya zaro. Allah ya haramta wannan a Suratul Ma'ida aya ta 3, a aya ta 90 kuma ya jera shi da giya da caca da gumaka ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan. Bugun ƙasa da zuba wuri da muka sani a nan duk gida ɗaya ne, canjin kaya kawai aka yi.

Maganar "tunani kawai ya sa ni" ita na fi so mu tsaya a kai, don da ita ake yaudarar mutanen kirki. Ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah, da katin ya fito da hoton hasumiya tana rushewa aka ce kar ki taɓa sabon abu bana, ba za ki ji jikinki ya yi sanyi ba? In dai zai yi sanyi to zuciya ta riga ta rataya, kuma abin da shari'a ke gudu ke nan. Wasu na cewa ai Annabi (SAW) yana son fa'ali. Haka ne, amma fa'ali kyakkyawar kalma ce da kika ji ba ki nema ba, ba abin da za ki je ki zaro ba, shi ya sa malamanmu na Malikiyya irin su Ƙarafi suka hana ko buɗe Alƙur'ani da ka don neman sa'a, balle kati.

Hukuncin hawa-hawa ne. Wanda ya gaskata kati ko mai karanta shi ya san gaibu, wannan ya taɓa imani, don Suratun Namli aya ta 65 ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Wanda ya tambaya kawai, hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta dare 40, ma'ana ladan ne ke tafiya, sallar dole a ci gaba da yi kuma ba a ramawa. Ke da ba ki san hukunci ba, ki yi istigfari ki goge manhajar, ki yi wa 'yarki nasiha cikin taushi, shi ke nan.

Amma don Allah kar ki fasa ɗinkin! Kati bai halatta miki shi ba, bai kuma isa ya haramta shi ba, niyyarki ta riga shi zuwa. Imamul Bukhari ya faɗa a babin ilimi cewa sahabbai sun yi karatu da girmansu. Ƙaffal na garin Marwa maƙerin kwaɗo ne, sai da ya kai 30 ya fara fiƙihu, ya zama jigo a mazhabar Shafi'iyya. Annabi Dawud daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kafinta ne. Ke kuma da kika yi shekaru kina gaban allo ai kin fi kowa sanin yadda ake koyo, abin da zai ba ki wahala ido ne da ciwon baya, a gwada miki tabarau, ki riƙa zaman awa ɗaya ko biyu ki tashi.

Ki yi raka'a biyu ki karanta addu'ar istihara, ba sai kin yi mafarki ba, sannan ki shawarci tela mace da kika yarda da ita, in zama da yaran ne matsalar ku shirya ta riƙa zuwa miki gida. Wallahu a'alam.