Ko allo ya yi baƙi, kada ka bari a yi maka fomatin

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da kake tsoro ya taɓa samuna. Ka ce GNOME, wato fuskar desktof da Ubuntu ke zuwa da ita, na jan ƙafa a laftof ɗinka mai RAM 4GB, kana so ka gwada wata fuskar, XFCE ko KDE Plasma, amma kana gudun asarar fayiloli. Za ka iya, kuma ba sai ka cire GNOME ba, duk suna zama tare a Ubuntu ɗaya.

Ni lokacin ina rubuta furojet a Samaru na sa kubuntu-desktop, wato kunshin da ke ɗora KDE. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batir kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na kunna, baƙin allo kawai. Na ɗauka na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Wallahi mutumin nan ko tambayata bai yi ba me ke ciki. Ya ce in dawo bayan la'asar. Ina zuwa na tarar ya shafe komai ya ɗora Windows, har yana min dariya wai ya raba ni da wahala. Babukan da malamina ya riga ya gyara, hotunan bikin ƙanwata, duk sun tafi, kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau in na bi ta layin shagon raina ɓaci yake. Na bar shi da Allah.

Abin takaicin, fayilolin na nan lafiya lau a /home, foldar da Ubuntu ke ajiye kayan mai amfani. Da an danna Ctrl+Alt+F3, an shiga da suna da fasawod, an buga sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install, da an wuce wurin. Rubuta wannan a takarda tun yanzu.

Kai dai in XFCE za ka gwada, ka sa kunshin xfce4 kaɗai, ba xubuntu-desktop ba. Na biyun zai cinye maka data, ya cika maka menu da manhajoji bibbiyu masu aiki iri ɗaya. In ya tambaye ka tsakanin gdm3 da lightdm, wato manhajojin allon shiga, bar shi a gdm3. Wurin shiga, in ka danna sunanka za ka ga ɗan alamar gear, mai kama da ƙarfen inji mai haƙora, a ƙasa ta dama, nan ake zaɓa. KDE yana da kyau, amma an gina shi da kayan aikin Qt, GNOME kuma da na GTK, kuma yakan taɓa saitin da ke ~/.config har ka koma GNOME ka ga rubutu da launi sun canza. Buɗe sabon yuza ka yi gwajinka a can.

Af, kada ka dogara da Timeshift, manhajar ajiye kwafin sistem, ba ya adana fayilolin /home sai ka saita shi. Kwafe furojet ɗinka a filash, ka tura wa kanka ta imel. Kuma don Allah kada ka fara sai caji ya cika, ka san halin wutar Zariya.

Gaskiya ma rabin nauyin nan burauza ce ke jawo shi. In har yanzu tsohon hard disk ne a ciki, sa SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, zai fi yi maka amfani fiye da kowane sauyi. In ka zo cirewa kuma, karanta jerin abubuwan da apt autoremove zai nuna zai goge kafin ka danna Y. Wane Ubuntu ne a kai, 22.04 ko 24.04?