Gasket biyu ba sa gyara ƙarfen da ya lanƙwashe

Ɗana, ka ce injin jirgin kamun kifin da aka kawo maka daga garin Sawakin yana huci ta inda manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji ya fitar, ya haɗu da kan silinda. Ka canza gasket, shimfiɗar da ake sa wa tsakaninsu don hana yoyo, sau biyu, kwana uku wurin ya sake yin baƙi, shi ne kake tambaya ko ka haɗa guda biyu ka shafa silikon. Kada ka kuskura. Da wata tambaya ce da na ce ka je ka duba wayarka, tunda ita ce malamarku yanzu. Amma maganar gasket biyun nan ta fama min tsohon miki.

Kafin a raba ƙasar nan ta Sudan a 2011, akwai wani mai jirgi a nan Fot Sudan da yake kai Turawa ninƙaya Sanganeb, wurin duwatsun murjani a teku, da wajen Umbria, jirgin Italiya da aka nutsar a 1940. Bayan la'asar ya zo gareji da kansa, ya ce injinsa yana "cak-cak-cak" da safe, in ya yi zafi sai ƙarar ta lafa. Ko yaron da ya shekara a hannuna ya san wannan: ƙarfe in ya ɗauki zafi yana buɗewa ya toshe kafar. Na sauka ɗakin inji, na ga kunkunniya ta zana layi a gefen silinda na biyar da na shida. Na kwance manifol, na ɗora rular ƙarfe a fuskarsa, na haska tocila ta baya. Haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Na ce masa Alhaji, injin nan ya taɓa yin zafi fiye da kima? Ya rantse bai taɓa ba. Na ce to sai an kai an daidaita fuskar, a kuma gwada hanyar ruwan sanyaya da ke cikinsa. Ya ce yana da baƙi gobe da asuba, sun riga sun biya, in rufa masa asiri in ninka gasket, in ya dawo a yi aikin gaskiya. Ya haɗa ni da Allah, ya ambaci sunan mahaifina. Na ji nauyinsa na yi.

Ashe sati biyu kafin nan farfelar robar famfon ruwansa ta karye a teku, ya ci gaba da tafiya har fentin manifol ya ƙone, ya sa aka sake fesa masa sabo. Zafin da ya lanƙwasa fuskar shi ne ya tsaga ƙarfen zubin ta ciki. Tsohon inji ne, ruwan teku kai tsaye yake bi ta cikin manifol, kuma ruwan Bahar Maliya gishirinsa ya kai kashi 4 cikin 100, ya fi na yawancin tekuna. Gasket ɗina ya kashe ƙara, tsagar tana nan. Cikin dare ruwa ya tsiyaya ta bawul ya cika silinda. Ruwa ba ya matsuwa. Da asuba suka murza makulli, fistin ya daki ruwa, kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe kamar lauje. Da na zaro ma'aunin baƙin mai, kalarsa ta koma ta shayi da madara.

Mutumin nan ya tsaya gaban dattawan unguwa ya ce ni na kashe masa inji, bai taɓa cewa in ninka komai ba. Ba ni da shaida. Na sayar da injin waldata, mai ɗakina ta cire 'yan kunnenta na gwal ta miƙo min ba ta ce uffan ba. Sai bayan shekara yaron jirginsa ya faɗa min maganar farfela da fenti. Har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a sahu nake canzawa.

To kai ma ɗora rula, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa. Tun ranar farko ya kamata ka yi, amma ku yaran yanzu sifana kuke fara ɗauka kafin ku buɗe ido. In fuskar ta ɗan kauce, manna sanfefa a kan gilashi mai kauri ka goga har ta yi haske bai ɗaya. In ta yi nisa, a kai wa masu injin daidaita ƙarfe. Toshe hanyar ruwan ka ba ta iska ka gani ko tana riƙewa, wannan ba a tsallake shi ko mai jirgi zai yi kuka. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a fita gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, da sifana mai awo, ba da bututu a kan sifana ba kamar yadda na ga kana yi. A tayar da inji ya yi zafi, ya huce sarai, ka sake bin notinan. Wannan komawar ce kuke ƙyashi, kun karɓi kuɗi kun tafi shan shayi. Kuma kar ka zauna a rufaffen ɗakin inji yana aiki yana huci, a cikin hayaƙin nan akwai iskar da ba ta da wari, tana kwantar da mutum bai sani ba.

Ka tambayi mai jirgin yaushe rabon da ya canza farfelar famfo, kuma ka yi tambayar a gaban mutum biyu. Gobe bayan sallar asuba ka kawo min manifol ɗin gareji, kar ka wanke shi, ina so in ga baƙin da idona.